Idan Inji Ya Mutu A Sama: Amsa Ga Mai Haɗa Jirgi A Auyo

Tambaya: Wani matashi mai aikin walda da gyaran injin ban-ruwa daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Auyo ta jihar Jigawa ya rubuto cewa yana haɗa ƙaramin jirgin sama mai kujera ɗaya a bayan shagonsa. Ya ɗora masa injin mota mai injekta wanda ƙarfinsa ya kai kimanin doki 100, ya ƙera tankin baƙin ƙarfe mai cin lita 40 ya ajiye a bayan kujera, sannan ya ja mai zuwa inji da tiyo da filta irin na babur. Yana tambaya ko wannan haɗin ya isa, kuma idan inji ya mutu yana sama, shin jirgin faɗowa zai yi ko akwai abin da matuƙi zai iya yi.

Amsa: Ƙanena, Allah ya yi wa wannan himma taka albarka. Haɗin man da ka kwatanta bai isa a tashi da shi ba, sai ka sake shi tun daga tanki har bakin inji. Amma jirgi mai fuka-fuki ba ya faɗowa don kawai injinsa ya mutu, domin ba inji ne ke riƙe shi a sama ba, iskar da ke bi ta jikin fuka-fukansa ce, kuma muddin matuƙi ya sunkuyar da hancin jirgin ya kiyaye gudunsa, zai ci gaba da tafiya yana sauka a hankali har ya taɓa ƙasa yana hannun mai tuƙa shi.

Haɗa jirgi da hannu ba baƙon abu ba ne a duniya. A Amurka dubban mutane suna yi, doka kuma ta amince matuƙar maginin ne ya yi fiye da rabin aikin da kansa. Ko a nan gida, jirgin da sojan saman Najeriya suka yi amfani da shi wajen koyon tuƙi, mai suna Air Beetle, wanda aka harhaɗa kimanin guda 60 a Kaduna, daga samfurin RV-6A na kamfanin Van's aka samo shi, kuma RV-6A jirgi ne da aka riƙa sayar da sassansa mutum ya haɗa a garejin gidansa. Sai dai hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da nazari a 2012 wanda ya nuna cewa jiragen haɗin gida kusan kashi 10 cikin 100 ne na ƙananan jiragen ƙasar, amma a 2011 su ne suka yi kimanin kashi 15 na dukkan haɗurran da kashi 21 na waɗanda aka rasa rai a ciki. Mutuwar inji ta fito a sahun gaba, musamman a tashin farko-farko, shi ya sa hukumar ta ba da shawarar a wajabta gwajin kwararar mai kafin a ba da izinin tashi, kamar yadda Kanada take yi. Mu masu gyaran jirage mun san cewa sau da yawa idan aka kwance injin da ya mutu a sama sai a tarar lafiyarsa ƙalau, mai ne kawai bai isa gare shi ba.

Dalilin da ya sa haɗin mota ko na babur ba ya wadatarwa shi ne aikin da ake ɗora wa injin ya bambanta. Mota a kan hanyar Haɗeja zuwa Kano da ɗan kaso kaɗan na ƙarfin injinta take tafiya, direba kuma ba ya danne totur har ƙasa sai na 'yan daƙiƙu idan zai wuce babbar mota. Jirgi kuwa yana tashi da cikakken ƙarfi na mintuna a jere, hancinsa a ɗage, sannan ya ci gaba da kashi 65 zuwa 75 na ƙarfin har ya sauka. Tiyon da ya wadatar da inji yana aiki a tsaye a bakin shago zai iya kasa shi sa'ad da shan mansa ya ninka sau goma ko fiye, wannan lokaci kuwa shi ne na tashi, jirgi yana kusa da ƙasa, gudunsa kaɗan, matuƙi ba shi da sararin yin dabara.

Tankin baƙin ƙarfe yana tsatsa daga ciki, domin iskar da ke shiga cikinsa da dare tana ɗauke da danshi, balle da damina a yanki mai fadama irin naku. Ga kuma ɓurɓushin walda da ke maƙalewa a lungu, wanda girgizar jirgi za ta saki bayan an daɗe da zaton an wanke tankin. Da alminiyom ake yin tankin jirgi, ko roba mai kauri da aka yi musamman don fetur, a sa masa shingaye a ciki don kada mai ya riƙa kai-komo, saboda idan ya ragu, jirgi kuma ya ɗaga hanci ko ya karkata, man zai gudu gefe guda ya bar bakin bututu a buɗe, famfo ya zuƙi iska. Bakin bututun yana buƙatar rariyar waya mai tsawon yatsa a cikin tankin, sannan can ƙasa da shi a bar ɗan gurbi mai matsiyaya inda ruwa da datti za su kwanta. Litar fetur nauyinta gram 720 zuwa 750 ne, ta ruwa kuwa kilo guda, don haka ruwa kullum ƙasa yake nema, kuma kafin kowane tashi ana tsiyayo kaɗan a kwalba mai haske a duba. Wurin da ka ajiye tankin ma abin dubawa ne, domin lita 40 kusan kilo 30 ce, idan kuma tana bayan tsakiyar nauyin jirgin, zai tashi wutsiyarsa da nauyi, wanda shi ne yanayi mafi wuyar sarrafawa idan gudu ya ragu.

Akwai wani ƙaramin bututu da masu haɗa jirgi kan raina, wato mashigar iska ta tanki. Duk mai shayi ya san idan ya huda gwangwanin madara wuri ɗaya, madarar tsayawa take yi sai ya ƙara huda ta biyu. Haka tanki yake, duk litar da ta fita sai iska ta maye gurbinta. Sharrin toshewar wannan mashiga shi ne ba ta nuna kanta a ƙasa: inji zai tashi lafiya, jirgi ya bar titi, sai bayan 'yan mintuna man ya tsaya. A karkararmu babban mai toshe ta shi ne zanzaro, wanda ba ya ɗaukar lokaci wajen cika ƙaramin bututu da laka. Masu binciken hatsarin jirgin Birgenair ƙirar Boeing 757, da ya faɗa teku a gaɓar Jamhuriyar Dominika a Fabrairun 1996 da mutum 189, sun fi zargin cewa irin wannan ƙwaron ne ya yi gini a bututun auna gudu bayan jirgin ya yi kwanaki a ajiye. Ka yi mashiga biyu masu fuskantar gaba, ka rufe su da marfi mai jan ƙyalle idan jirgin yana ajiye, ka kuma tabbatar iska na wucewa kafin kowane tashi.

Tiyon babur mai haske yana bushewa ya tsage a rana, kuma ba ya jure matsin famfon injekta, wanda ya ninka na kafireta kusan sau goma; filtar babur kuwa an yi ta ne don injin da ke shan lita biyu ko uku a awa. Ka nemi tiyon injekta na gaske mai zare a ciki, ka nisanta shi daga salansa, ka sa masa rigar da ke jure wuta a ɗakin inji. Tsakanin jikin jirgi da inji kada ka sa bututun jan ƙarfe, domin girgiza tana taurara shi har ya karye. Kamfanin Rotax na ƙasar Ostiriya yana umartar a sauya duk tiyon roba na injinansa bayan shekara biyar ko da ido yana ganinsu lafiya. Farin tef ɗin da masu aikin famfon ruwa ke naɗawa a mahaɗa kuwa kada ya kusanci layin mai, saboda zarensa yana yankewa ya je ya toshe injekta.

Matsalar da na fi ji maka tsoro a yanayin Jigawa ita ce tafasar mai a cikin bututu. Fetur gauraye ne na sinadarai masu sauƙi da masu nauyi, kuma masu sauƙin suna fara zama tururi tun zafi bai wuce digiri 40 ba. Zafi yana ingiza wannan, raguwar matsin iska yayin da jirgi ke hawa tana ƙara shi, zuƙar famfo ma haka, domin duk inda famfo ke zuƙa matsi faɗuwa yake yi. A watan Afrilu, jirgin da ya yini a rana mansa ya riga ya ɗumama kafin a taɓa makunni, idan kuma aka kashe inji mai zafi aka sake tayar da shi bayan minti goma, man da ya tsaya a bututun da ke kusa da inji ya riga ya zama kumfa. Famfo ba ya iya tura tururi, don haka inji zai yi ta tari daidai lokacin da ake buƙatar dukkan ƙarfinsa. Maganin yana cikin tsari ne: famfo ya zauna ƙasa da tanki kuma kusa da shi, yadda mai zai gangaro masa shi kuma ya tura, bututun zuƙa ya zama gajere mai faɗi, babu lanƙwasa mai kaifi, babu tudun da kumfa za ta maƙale, sannan bututun da ke mayar da rarar mai ya koma cikin tanki kai tsaye, ba bakin famfo ba, don zafin ya watse. Zafin yana da wata illar kuma. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana kimanin mita 475 sama da teku, amma ranar da zafi ya kai digiri 40 iska tana yin sauƙi har inji da fuka-fuki su yi aiki tamkar suna mita 1,500, jirgi ya ci titi mai tsawo, ya kuma hau a sanyaye. Duk wani gwajin farko da sassafe ake yinsa.

Injin injekta ya rataya ne gaba ɗaya a wuyan lantarki. Famfonsa da kwamfutarsa da fulogoginsa duk da wuta suke aiki, fis ɗaya ya ƙone ko waya ɗaya ta kwance, inji ya yi shiru nan take. Injinan jirgi na asali irin Lycoming suna da magneto biyu masu samar da wutarsu da kansu da fulogi biyu a kowace silinda, saboda wannan dalili. Idan za ka zauna a kan injekta, sai ka sa famfo biyu, kowanne da fis ɗinsa da makunninsa da bawul mai hana mai komawa baya, da batir na biyu wanda zai riƙe inji idan caja ta daina aiki. Kwamfutar mota ma an tsara ta ne ta rage ƙarfi don kare inji idan wata na'urar awo ta ba ta saƙon da bai yi mata ba; a kan titi wannan hikima ce, a sama kuwa gara inji ya lalace yana aiki har ka sauka. Wasu za su ce ka koma kafireta, kuma ni ban ga laifin shawarar ba idan tanki yana cikin fiffike sama da inji, inda mai zai gangaro da kansa. Sai dai kafireta tana ƙanƙara. Mutanenmu kan yi dariya idan an faɗi haka, alhali iska tana iya yin sanyi da digiri 30 ko fiye a maƙogwaron kafireta, kuma ƙanƙara na iya kamawa ko a rana mai zafi matuƙar akwai danshi, kamar na watan Agusta, don haka sai an yi mata hanyar shigar da iska mai zafi daga jikin salansa.

Makunnin mai kuma ya kasance inda ido ke gani hannu ke kaiwa ba tare da matuƙi ya juya jiki ba. Mawaƙin Amurka John Denver ya rasu ranar 12 ga Oktoban 1997 a gaɓar Kalifoniya cikin jirgin haɗin gida ƙirar Long-EZ, wanda maginin ya ɗauke makunnin sauya tanki daga inda mai zanen jirgin ya tsara ya mayar da shi bayan kafaɗar hagun matuƙi. Binciken NTSB ya nuna cewa da man tanki ɗaya ya ƙare, ya juya don ya kai ga makunnin, ƙafarsa ta danne fedar da ke juya jirgi dama, jirgin ya kuɓuce masa.

Shi kansa man abin tuhuma ne. Ba a saya wa jirgi mai a galan ɗin ɗan bumburutu, kuma ko gidan mai ba a yarda da shi ido rufe, tunda a farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan ya lalata injinan motoci da dama. Ka zuba ruwa kashi ɗaya a siririyar kwalba ka yi alama, ka ƙara fetur kashi tara ka girgiza. Idan ya lafa ka ga ruwan ya haura alamar, akwai sinadarin barasa a man, wanda ke jan ruwa yana kuma cin roba. Ka ɗiga ɗigo a farar takarda; fetur tsantsa zai bushe ba tabo, wanda aka gauraya da kananzir ko gas zai bar zoben maiƙo. Kada kuma wani ya ruɗe ka da sunan man jirgi, domin Jet A-1 da manyan jirage ke sha dangin kananzir ne, zai kashe injin fetur. Da hunturu iska tana bushewa, jarkar roba tana tara lantarki, saboda haka a haɗa mazurarin ƙarfe da jikin jirgi da waya kafin a fara zuba mai.

Duk wannan bai zama tabbas ba sai an auna, kuma awon ba ya buƙatar abin da ba ka da shi: jarka mai alamar lita, agogon waya, da mutum na biyu riƙe da abin kashe gobara. Ƙa'idar da hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta daɗe da kafawa ita ce, idan mai gangarowa yake yi da kansa, kwararsa ta kai kashi 150 cikin 100 na abin da inji ke sha a cikakken ƙarfi, idan kuwa famfo ne ke turo shi, kashi 125. Injin fetur mai doki 100 yana iya shan kimanin lita 35 a awa idan an buɗe masa totur duka, ke nan kai lita 44 a awa kake nema, wato lita ɗaya cikin daƙiƙa 82 ko ƙasa da haka. Yadda aka ajiye jirgin wajen awon shi ne ginshiƙin aikin. Ana ɗaga hancinsa ya wuce kusurwar hawa mafi tsanani da digiri 5, ko a hau da ƙafafun gaba kan tudu ko a haƙa rami a sa wutsiya, a zuba mai ɗan kaɗan maimakon cikakken tanki, marfi kuma a rufe yadda zai kasance a sama. A injin injekta ana auna abin da ke dawowa ta bututun rara ne inji a kashe, domin shi ke nuna abin da famfo zai iya bayarwa a matsin aikinsa na gaske, kuma kowane famfo shi kaɗai ake gwadawa. Sai a bar man ya yi ta zuba har kumfa ta bayyana. Abin da ya rage a tanki a wannan lokacin ba naka ba ne, kada ka sa shi a lissafi. A maimaita hanci a sunkuye. Bayan haka a ɗaure jirgin da igiya mai ƙarfi, a buɗe wa inji totur na mintuna da tsakar rana, a kashe, a jira, a sake tayarwa, sannan a buɗe filta a ga abin da ta kama.

Allurar ma'aunin mai ba abin dogaro ba ce ita kaɗai. Ka samu sanda, ka riƙa zuba lita biyar-biyar kana yanka alama, ka kuma saba lissafa mai da lokaci. A tankinka, idan lita 3 ba ta zuƙuwa, ka ware lita 12 ta ajiyar minti 30 da ƙa'idar tuƙin jirgi da rana ta tanada, saura lita 25, wadda ba ta wuce tafiyar awa ɗaya ba. Kuskuren lissafi ba na sababbin hannu ba ne kaɗai. Ranar 23 ga Yulin 1983 jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 ya tashi da ƙasa da rabin man da yake buƙata saboda an rikita awon fam da na kilo, injinansa biyu suka mutu a sama, matuƙan suka sulalo da shi suka sauka a tsohon filin soja na Gimli a Kanada ba tare da an rasa rai ba.

Ƙaramin jirgi irin Cessna 172 yana tafiya kimanin mita 9 gaba a kan kowace mita ɗaya da ya sauka, ke nan daga tsayin mita 300 zai kai kusan kilomita 2.7 idan babu iska. Jirgin haɗin gida mai sanduna da wayoyi a waje ba zai kai haka ba, kuma da yake ba shi da nauyi, gudunsa zubewa yake yi cikin daƙiƙu idan farfela ta daina ja. Don haka aikin farko shi ne tura sandar tuƙi gaba, tun kafin tunanin abin da ya lalace. Sai zaɓen fili, wanda ya fi kyau ya kasance kusa, kusan ƙarƙashin fiffike. Idan akwai sauran tsayi sai a kunna famfo na biyu, a sauya tanki idan akwai na biyu, a duba makunnai, mai rediyo kuma ya faɗi Mayday, kalmar neman agajin gaggawa, sau uku da wurin da yake a zangon rediyo na gaggawa, 121.5 MHz. Da zarar ya tabbata inji ba zai dawo ba, a rufe mai, a kashe wuta, a ɗaure bel tamau, a zare sakatar ƙofa don kada ta maƙale.

Abin da ya fi kashe matuƙa shi ne sitol, wato hanci ya ɗagu fiye da kima har iska ta daina bin bayan fiffike, jirgi ya rasa abin da ke riƙe shi ya kifa. Yana faruwa ne idan mutum ya ja sanda don ya tsawaita tafiya zuwa filin da ya yi nisa, ko ya yi yunƙurin komawa titin da ya taso. FAA ta kawo lissafin wannan komawar: inji ya mutu a tsayin mita 90, matuƙi ya ɓata daƙiƙa 4 kafin ya farga, ya yi juyi na hankali, wanda ba digiri 180 ba ne, 225 ne kafin ya fuskanci titin, cikin daƙiƙa 79 zai sauka kimanin mita 400, alhali 90 gare shi. Idan ya tsananta juyin don ya rage lokaci, gudun da sitol ke kamawa yana ƙaruwa da kashi 19 a karkatar digiri 45, da kashi 41 a digiri 60. Saboda haka idan inji ya mutu jim kaɗan bayan tashi, gaba ake sauka, da 'yar kaucewa dama ko hagu. Injin da ya ragu bai mutu ba ya fi yaudara. Hukumar binciken sufuri ta Ostareliya ta tattara bayanan 2000 zuwa 2010, ta samu raguwar ƙarfi bayan tashi sau 242, tara daga ciki da asarar rai, da mutuwar inji gaba ɗaya sau 75 ba tare da an rasa kowa ba. Ni a ganina, injin da ya fara tari a ɗauke shi a matsayin matacce, a yi amfani da ragowar ƙarfinsa wajen isa fili mafi kusa.

Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, wannan kuma rahama ce, amma daga sama tana ɓoye abubuwa. Gonar da aka girbe da rani ita ce zaɓi mafi kyau, da sharaɗin a sauka tare da tsawon kunya, domin wanda ya gitta kunyoyi ƙafafun jirginsa za su karye. Gawo da kuka da tsamiya ana ganinsu daga nesa, suri da rijiyar lambu da kududdufi kuwa sai an zo kansu. Fadamun shinkafa na kwarin Haɗeja da filayen ban-ruwa na Kadawa da Kura suna da kyan gani, amma taɓo yana kama taya jirgi ya kife, ga magudanai da gaɓoɓin ƙasa a tsakani. Yashin busasshen kogi ma haka yake yi. Kwalta tana jan hankali, sai dai wayoyin lantarki ba sa ganuwa, turakunsu ake nema, ga motoci da masu babur. Filin ƙwallon makaranta gajere ne kuma akwai yara. A fuskanci iska, wadda da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina kuma galibi daga kudu maso yamma, hayaƙin ƙona kara da ƙurar garken shanu za su nuna ta. Jirgin da ke sauka da gudun kilomita 80 a awa, idan ya fuskanci iska mai kilomita 20 zai taɓa ƙasa da 60, idan ya ba ta baya da 100, ƙarfin bugun kuwa kusan ninki uku ne. Mutumin da ya ɗaure bel mai igiyar kafaɗa yana iya tsira idan jirgi mai gudun 80 ya samu ko mita uku ya tsaya a cikinsu, don haka karan dawa da ƙananan itatuwa taimako ne, idan kuma babu makawa sai bishiyoyi, a saita jikin jirgi tsakanin biyu fuka-fuki su sha bugun.

Bayan an tsaya, a fita nan take, a kuma nisanta jama'a, domin kafin minti biyar ƙauye zai taru, fetur kuwa yana iya zuba. Mutanen Jigawa ba su manta da Majiya ta ƙaramar hukumar Taura ba, inda tankar mai ta kama da wuta a Oktoban 2024 ta hallaka fiye da mutum 150. A sanar da mai unguwa ko dagaci da 'yan sanda, kada a taɓa jirgin sai hukumar binciken hatsarin sufuri ta Najeriya, NSIB, ta sani, a kuma biya mai gona ɓarnar da aka yi masa.

Saura maganar doka da horo, ƙanena. Ba a tashi da jirgi a sararin Najeriya sai hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta yi masa rajista ta ba da izini, matuƙin kuma yana da lasisi, don haka ka tuntuɓe su tun jirgin bai kammala ba, lokacin da mai dubawa zai iya ganin cikinsa. A Amurka, jirgin da aka ɗora wa injin mota galibi yakan yi awa 40 na gwaji a keɓaɓɓen yanki nesa da gidajen jama'a, kuma wanda ya tuna faɗuwar jirgin sama a unguwar Gwammaja ta Kano ranar 4 ga Mayun 2002, inda mutane suka rasu a cikin gidajensu, ya san dalilin. Saukar da jirgi bayan inji ya mutu aiki ne na hannu da ake maimaitawa tare da malami har ya zauna, irin horon da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya ke bayarwa tun kafuwarta a 1964, kuma tashin farko na sabon jirgi gogaggen matuƙi ne ke yinsa. Kafin nan ka sake tankin da tiyon, ka yi awon kwarara, ka aiko mini da daƙiƙun da lita ɗaya ta ɗauka a kowane famfo, hanci a ɗage da a sunkuye, da yawan man da ya rage a tanki, da nauyin da ke kan kowace taya tanki cike da kuma babu mai.